Zan Cire Kaki, Amma Ban Gama da Kanar Ba

Anti Odessa,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini, domin na kai matsayin da ko motar mutumin nan na hango a bakin ofis sai in ji kaina ya ɗau zafi. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Mu ba a koya mana kai kuka ba, duk abin da ya same ka a bariki maganinsa ɗaya ne, ka sha ruwa ka canza safa ka koma bakin aiki. Na sha ruwan, na canza safar, abin yana nan daram. Shafinki kuwa ina karanta shi duk ranar da nake zaman jiran likitan gwiwa, na kuma lura ba kya lallashin mutum in shi ne da laifi, shi ya sa na zaɓe ki.

Ni saja ce, shekarata ashirin da biyu a soja, kuma a watan Mayu mai zuwa zan cire kaki. Ni ke riƙe da garejin bataliyarmu a wani bariki a Texas, sunansa ba lallai ba ne. Duk wata mota da ke ƙarƙashin bataliyar nan, daga ƙanana har manyan masu jan tankar mai, in kin ga ta tashi to da sanina ta tashi. Makanikan da ke hannuna sun kusa arba'in, kuma da yawansu na isa in haife su.

Mijina Lamont mai aski ne. Tun da ƙuruciya muka yi aure, ya kuma bi ni duk inda aka jefa ni, daga Jojiya zuwa Alaska zuwa Kansas zuwa nan. Kin san kowace jiha da nata lasisin aski, to duk inda muka sauka sai bawan Allahn nan ya sake neman izini, wani wurin har da sake zama jarrabawa, ya fara tara masu aski daga kai ɗaya. Da zarar ya fara jin daɗin wuri, mutane sun san hannunsa, sai a kawo mini takardar canji. Sau biyu aka tura ni ƙasar waje, shi ya riƙe 'yarmu Keziah, har kitso ya koya saboda ita, ko da yake kitson nasa sai dai a yi haƙuri. Bai taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya ya roƙa tun da daɗewa, cewa ranar da na ajiye kaki shi zai zaɓi garin da za mu zauna. Na amsa masa da bakina, ba wanda ya matsa mini.

Garin kuma ba ɓoyayye ba ne, Toledo ne a jihar Ohio, mahaifarsa, inda kawunsa Roscoe ke da shagon aski mai kujera uku tun kafin a haife mu. Yanzu hannun tsohon ya fara rawa. Ya ce shagon na Lamont ne in ya iso kafin ƙarshen Yuni, in kuwa bai iso ba zai sayar wa wasu da ke son mayar da wurin shagon waya, shi ya koma gidan 'yarsa ya huta.

Ni ma ban zauna ba. Na tsara fitata yadda muke tsara fita atisaye, komai da ranarsa. Kin san shirin nan da ake barin soja ya yi watanninsa na ƙarshe yana koyon aiki a kamfanin farar hula, albashinsa na soja na tafiya, in ya gama sau da yawa su riƙe shi. Na samu gurbi a wani kamfani a Toledo da ke gyaran motocin kashe gobara da bas-bas na gari. Shugaban garejinsu zai yi ritaya, suka ce in zo in zauna kusa da shi in koyi yadda suke yi, in ya tafi in gaje shi. Wuri ne da ko da ƙafa zan iya zuwa daga shagon Kawu Roscoe. Abu ɗaya ya rage, sa hannun kwamandan bataliya.

A nan ne maganar mutumin ta shigo. Bari in kira shi Kanar Whitlock, ko da yake laftanan kanar ne, bai kai cikakken kanar ba tukuna. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, ina ƙaramar saja, aka tura ni koya wa ɗaliban hafsa yadda ake kula da mota. Yana cikinsu, siriri mai manyan kunnuwa, ko inda ake duba man inji bai sani ba. 'Yan ajinsu na yi masa dariya, ni kuwa na ga yaron yana da ƙoƙari, na riƙa tsayawa da shi bayan an tashi har ya kama. Ranar da aka maƙala masa muƙamin laftanan, ni ya zaɓa in fara sara masa. Kin san al'adar, sabon hafsa yakan zaɓi sojan da ya fi jin ya yi masa rana, shi zai fara sara masa a duniya, shi kuma ya ba shi dalar azurfa. Na ƙame a gaban uwarsa da ubansa na sara masa, ya damƙa mini dalar idonsa ya ciko, ya ce, "Saja, duk ranar da kika buƙace ni, ki neme ni kawai." Dalar nan ta bi ni duk inda na je a aljihun hagu, ba don darajarta ba, don ina alfahari da yaron.

Da aka ce shi aka turo mana kwamanda bara, har rawa na taka a kicin. Na ce wa Lamont namu ya zo, fitarmu za ta zo da sauƙi. A watan Satumba na same shi da maganar, ya tashi daga kujera ya zagayo ya ce, "Haba Saja, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ke da kika raine ni? Kawo takardar in sa hannu." Na kai. Takarda ta hau tebur ta yi zamanta. In na je a ce yana taro, in na koma a ce ya fita, in muka haɗu a fareti ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce. Kamfanin suka ba ni wa'adi, na roƙa suka ƙara, na sake roƙa har na ji kunyar kaina. Wasu wurare biyu da suka neme ni a lokacin na ce musu na riga na samu, saboda na dogara da maganarsa.

Sai da wa'adin ya wuce sannan amsa ta zo, kuma ba daga bakinsa ba. Mataimakinsa ya aiko, wani manjo, ya same ni a gareji a gaban yarana, ina ƙarƙashin mota. Ko jira in fito in goge hannu bai yi ba, ya ce Kanar ya ce buƙatar bataliya ce a gaba, akwai babban binciken motoci a Fabrairu da atisaye a hamada a Maris, kuma wanda zai gaje ni bai iso ba. A satin nan dai na ji cewa ya sa wa wani kyaftin na ofishinsa hannu, abokin zuwa kamun kifinsa, ya tafi koyon aiki a wani banki a Dallas.

Bayan kwana biyu muka yi kiciɓis a baranda, ba hanyar kaucewa. Kin san abin da ya ce mini? Ya ce, "Saja, ki ɗauke shi a matsayin yabo, garejin nan ba zai tafi ba in ba ke." Ya ƙara da cewa shi da kansa zai jagoranci bikin ritayata, wai bashi ne a kansa tunda ni na fara sara masa. Na ce, "To, yallaɓai," na ƙame na sara masa, domin abin da jikina ya saba ke nan. Na shiga motata na rufe gilashi na yi kuka, rabona da kuka irin wannan tun rasuwar mahaifiyata. Ba aikin ne kaɗai ya sa ni kuka ba, rainin ne. Na tsani mutumin nan, Anti, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban taɓa tsanar kowa haka ba har waɗanda suka harbe mu.

Kamfanin sun ba wani sojan ruwa gurbin. Sun ce in ina so in zo a matsayin makaniki kamar kowa, in fara daga ƙasa. Ni da shekara arba'in da uku da gwiwar da ke sanar da ni zuwan ruwan sama, in koma kwanciya a siminti ƙarƙashin yaron da bai kai shekarun aikina ba.

Ana cikin haka sai ga Yolanda. Tsohuwar ƙawata ce, tare muka yi Alaska, ta riga ni ritaya, yanzu ita ce shugabar masu binciken motoci na farar hula a barikin nan. Su ne ke zagayawa bataliya-bataliya suna duba ko motocin da aka ce suna aiki da gaske suna aiki, rahotonsu kuma har teburin janar yake zuwa. Ta ce akwai gurbi, in na ce ina so nawa ne. Aikin gwamnati ne, albashi mai kyau, ga wani fansho a gaba, kuma ba kwanciya a ƙarƙashin mota.

Amma ni da ke mun san ba wannan ne ya sa zuciyata ta yi tsalle ba. Kanar yana nan har tsakiyar baɗi, kuma rahoton da zai tafi da shi daga bataliyar nan shi zai nuna ko zai zama cikakken Kanar ko zai tsaya a inda yake. Ni kuwa babu dabarar da ake yi a gareji da ban sani ba. Na san yadda ake cire batir da famfon mai daga motar da aka duba yau a ɗaura wa wadda za a duba gobe. Na san lungun da ake tura matattun motoci a ce sun fita aiki. Na san waɗanda birkinsu sai da addu'a. Ba zan yi masa ƙarya ko ɗaya ba, gaskiya zan faɗa, amma zan faɗe ta duka, a lokacin da za ta fi yi masa zafi. Ina so in shigo garejin nan da rigar gida, kofi a hannu, ya taho da murmushin nan nasa ya ce Saja, in ce masa, "Babu saja a nan, yallaɓai. A buɗe mini bonet ɗin waccan." Ina so in ga kunnuwan nan sun yi ja. Ina so ya jira ƙarin girma yadda na jira sa hannunsa, a yi ta ce masa gobe har ya gane babu. Da wannan tunanin nake wanka, da shi nake tuƙi, har a coci shi nake yi.

Lamont na ce masa ina son aikin Yolanda ne saboda albashi da fansho, kuma shekara biyu kawai za mu ƙara. Yana zaune yana goge injin askinsa, bai ko ɗago ba, ya ce, "Shekara biyu. Haka kika ce a Alaska." Na fara kawo masa lissafi, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ni dai a watan Yuni zan kama hanyar Toledo. Ba fushi nake ba, na gaji ne. Kujerar gaba a mota taki ce, ki zo mu tafi. In ba za ki ba, ba zan ja ki ba." Tun ranar bai sake tayar da maganar ba, sai dai kullum na dawo in tarar da ƙarin kwali ɗaya a zaure, an ɗaure an rubuta abin da ke ciki. Keziah kuwa, da za ta shiga jami'a a Ohio bana, bakinta ba linzami. Jiya ina faɗan Kanar a kan abinci ta ajiye cokali ta ce, "Mama, wai ke da wa kike aure ne, da Baba ko da Kanar? Sunansa ya fi na Baba fitowa a gidan nan." Na kore ta daga tebur, amma maganar ta zauna mini.

Kada ki ce in yafe, fasto ya riga ki, kuma bai ci nasara ba. Abin da nake tambaya shi ne, laifi ne in karɓi halastaccen aiki in yi shi da gaskiya, don kawai gaskiyar za ta ƙona wanda ya cuce ni? Don me shi zai wuce da ƙarin girma ni in tafi da ciwon gwiwa? Lamont ya jira shekara ashirin da biyu, shekara biyu ce za ta gagare shi? Shago ai ana samun wani. Kuma ma in na je Toledo ni wace ce? A nan in na shigo gareji kowa miƙewa yake. A can matar mai aski ce kawai mai ɗingishi, ko kayan da zan sa in je neman aiki ban san irinsu ba. Yolanda na jiran amsa kafin ƙarshen wata. Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Sajar da aka yi wa sakiyar da ba ruwa,
Texas

*

Saja, ƙanwata,

Ba zan ce ki yafe ba. Yafiya ba umarni ba ce da za a ba ki ki ƙame ki ce to, in za ta zo za ta zo da kanta, in ba ta zo ba kuma kina iya rayuwa mai kyau ba tare da ita ba. Na yi shekara ashirin da huɗu ina aikin jinya a asibitocin soja, akwai wata kanar da har yau in na tuna ta sai na yi tsaki, kuma ina barci lafiya.

An cuce ki, wannan babu ja. Sai dai ki raba abu biyu. Hana ki tafiya yana cikin ikonsa, kuma mai yiwuwa yana da hujja, domin kyaftin ɗin ofis ana maye gurbinsa a yini ɗaya, mai riƙe da gareji ana gab da atisaye kuwa ba haka ba. Na san ba ki son jin wannan, amma gaskiya ce. Inda ya yi rashin mutunci shi ne yadda ya yi abin. Da ya dube ki a Satumba ya ce ba zai iya ba, da kin ji zafi na mako ɗaya kin kama ɗaya daga wuraren nan biyu da suka neme ki. Ya ji kunyar ce miki a'a, sai ya ɓuya a bayan tebur har lokaci ya ƙure, sannan ya aiko wani. Wannan ragwantaka ce, kuma ragwantakar shugaba tana cutarwa kamar mugunta. Fushinki yana kan hanya.

Aikin Yolanda ma ba mummuna ba ne. Da wata ce ta rubuto mini da gwiwa irin taki, ba Kanar a zuciyarta, ba alkawari a wuyanta, da na ce ta karɓa da hannu biyu. To ki gwada kanki da tambaya ɗaya. In gobe da safe kika ji an ɗauke Kanar an tura shi wani wuri, za ki so aikin har yanzu, har ki bar mijinki ya tafi shi kaɗai dominsa? Wasiƙarki ta riga ta amsa, tunda albashin layi ɗaya kika ba shi, kunnuwan Kanar kuwa kin zauna kin zana su.

Ko a matsayin ramuwa ma shirin nan yana yoyo. Ɗaukar aikin gwamnati ba ta sauri, kuma a iya sanina akwai lokacin jira da ake gindaya wa wanda ya yi ritaya kafin ya dawo bariki da rigar farar hula, ki bincika ki ji. Sannan babu shugaba mai hankali da zai tura ki binciken garejin da kika bari jiya. In Yolanda ba ta san abin da ke ranki ba, to kina shirin amfani da ƙawarki ba da saninta ba. In kuwa ta sani ta yarda, to ranar da abin ya fito ku biyu za a kora, Kanar kuma ya zama wanda aka zalunta. A ce ma komai ya tafi yadda kike so, kin buɗe bonet kin samu abin da kike nema. Wa kike tsammani zai sha wuyar? Kin fi ni sanin yadda abin yake gangarowa. Kanar zai rubuta cewa ya ɗauki mataki, matakin kuma zai sauka a kan sajan da ya gaje ki da yaran da kika ce kin isa ki haife su. Su ne hannunsu ya taɓa batirin.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ta tayar mini da hankali, ta motocin da birkinsu sai da addu'a. Wannan ba harsashi ba ne da za ki adana sai baɗi. A watan Maris ɗan shekara goma sha tara ne zai tuƙa motar nan a hamada, da abokansa a baya. Yau ke ce mai garejin, kina da ikon da mai bincike ba shi da shi. Ki tsayar da duk motar da ba ki yarda da ita ba, ki kai rahoto ta hanyar da kika sani, ki bar binciken Fabrairu ya ga garejin yadda yake. In hakan ya ɓata wa Kanar lissafi, wannan tsakaninsa da lissafinsa ne, ke aikinki kika yi, da kakinki a jiki da sunanki a ƙasa.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon, kuma a ƙarshen wasiƙarki kika sake shi kamar ba komai ba. Toledo ke ba ki tsoro. Shekara ashirin da biyu ba ki taɓa zaɓar garin da za ki kwana ba, ko rigar da za ki sa, ko lokacin da za ki tashi. Kullum akwai umarni, akwai aiki a gaba, akwai wanda ake fuskanta. Yanzu ga fili fetal ba umarni, sai ga Kanar ya ba ki abin fuskanta, kika rungume shi domin yaƙi kin iya, zama matar mai aski a garin da ba a san ki ba ne ba ki iya ba. Ba ke kaɗai ba ce, da yawanmu haka muka yi, ni wata shida na yi ina gugar kayan da ba inda zan sa su. Amma ki duba da kyau. Wannan ne karo na farko da soja ba zai gaya miki inda za ki zauna ba, ke kuma da hannunki kina miƙa wa Kanar zaɓin. In kin zauna a Texas dominsa, to shi ya sake yi miki canjin wurin aiki, wannan karon ko sa hannu bai yi ba. Zaɓin kuma ba naki ba ne da za ki bayar, kin riga kin ba Lamont.

Kin ce shago ana samun wani. Ke ma da aka ce miki aiki ana samun wani, ya kika ji? Mutumin nan ya jira ne saboda kin sa masa rana. Abin da Kanar ya yi miki, alkawari da baki sannan gobe-gobe har wa'adi ya wuce, shi kike shirin yi wa mijinki, kuma nasa wa'adin ƙarshen Yuni ne.

Ga abin da zan so ki yi. Ki gode wa Yolanda ki ce a'a, tun kafin ƙarshen watan, don ki daina juya abin a rai. Ki zaunar da Lamont ki gaya masa ainihin dalilin, har da tsoron Toledo, ina kyautata zaton ya daɗe da sani, jira yake ya ji daga bakinki. Maganar gwiwa ki tabbata likitocin soja sun rubuta komai kafin ki fita, kada jarumtaka ta sa ki ce da sauƙi. Aiki kuma ki daina kallon ƙofar da ta rufe ita kaɗai. Matar da ta riƙe makanikai arba'in, ta koya wa hafsoshi duba man inji, ba dole ba ne ta koma kan siminti. Akwai garejin ƙananan hukumomi, akwai masu bas ɗin makarantu, akwai kwalejojin koyon sana'a da ke neman wanda ya iya koyar da matasa gyaran manyan motoci. Ki nemi ƙungiyar tsofaffin sojoji ta can tun yanzu, su za su gaya miki wa ke ɗauka da kuma kayan da ake sawa. Kina da fansho, in kin yi wata biyu ko uku kina hutawa kina koyon garin ba abin kunya ba ne.

Shi kuma Kanar ba na ce ki bar shi haka ba. Ki shigar da ƙorafi a rubuce kan yadda aka riƙe takardarki har wa'adi ya wuce, don kada a yi wa sajan da ke bayanki. Ki nemi ganinsa, ki nemi izinin magana ba tare da shamaki ba, ki gaya masa ido da ido abin da ya jawo miki, cikin natsuwa, sau ɗaya, ki fita. Bikin ritaya kuwa naki ne, ke ke zaɓar wanda zai jagoranta. Ki zaɓi wani, ki bar shi ya ji a bakin mutane. Mutumin da ya san al'adarmu zai gane abin da hakan ke nufi, duk wanda ke zauren ma zai gane.

Ƙanwata, Kanar zai bar barikin nan ko kin zauna ko kin tafi, da ƙarin girma ko babu, kuma ba zai waiwayo ba. Lamont ma zai tafi. A cikin su biyun mutum ɗaya ne ya ce ki zo ku tafi tare.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba gwiwar nan lafiya, ya kai ku Toledo lami lafiya. Ki gaishe mini da Lamont, ki kuma daina korar Keziah daga tebur in ta faɗi gaskiya.

Taki,
Anti Odessa